Kwana Ɗari Biyu Da Sha Ɗaya

Masu karatu, ku gyara zama, yau da ƙarfina na zo. Waɗanda suka yi ta turo min saƙo wai in haƙura da Troels in bi maganar mahaifiyata, na gode da shawara, amma ku kai ƙarshen wannan tukuna kafin ku ƙara min wata.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: sunana Solvej, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da yara kiɗa a wata firamare a unguwar Valby, nan cikin Copenhagen. Troels kuwa shi ne mutumin da ya sa na fara duba madubi sau biyu kafin in hau keke. Sana'arsa tono tsofaffin tef-tef na kiɗan jazz da aka ɗauka aka manta da su, ya gyara sautinsu, ɗan ƙaramin kamfaninsu ya fitar. Dogo ne, maganarsa a ƙirge take, rigar sanyinsa guda ce tal mai ruwan toka. Kuma ranar farko da na kai shi gida ya tafka katoɓarar da har yau nake biyan bakinta.

A gidan Mormor ne, kakata ta wajen uwa, wadda sunanta na yanka Gudrun. Ana rufe ƙofar falo idonsa ya faɗa kan hoton kakana da ke rataye a bayanta, wurin da sai an rufe ƙofar ake ganin sa. Ya ajiye cokali ya tambaye ni, ashe Ejvind Skaarup kakana ne? Ya ce masu sana'arsu sun daɗe suna raɗe-raɗin cewa Ejvind ya ɗauki wani kiɗa a New York a shekarar 1969 tare da makaɗan can guda uku, kuma ba wanda ya taɓa jin sa. Ko tef ɗin yana nan? Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita.

Tun daga ranar Mor, wato mahaifiyata, ba ta ƙara kiran sunansa ba. "Mai tonon kabari" take ce masa. A lissafinta ba ni yake so ba, tef yake so, ni hanya ce kawai.

Bari in gaya muku abin da ya sa tef ɗin nan ya zama miki a gidanmu. Morfar, kakana, mai busa ƙahon nan na Turawa ne, saksofon, kuma mashayi ne na a ɗauko shi daga bakin titi. Da aka gayyace shi Amurka, ya ɗora hannu a kan Mor, tana 'yar shekara biyar, ya rantse wa matarsa cewa shi da giya har abada. Wata bakwai da tafiyarsa mota ta buge shi wata safiya mai ƙanƙara. Aka aiko da kayansa: akwati, ƙahonsa, rikodar da ya tafi da ita daga nan, da tef guda. Mormor ta saurari tef ɗin sau ɗaya, ita kaɗai, ta rufe. Daga nan duk wanda ya zo gaisuwa ta ce masa giya ce ta kai shi gaban motar. Shekara hamsin da biyar ban ji labarin ta ambaci sunansa ba. "Mai ƙahon nan" take cewa.

Ƙahon ni ta ba, ina 'yar shekara goma sha biyu, ta ce in ɗauka ko ta kai shi bola. A cikin akwatinsa na tarar da takarda guda da rubutun hannunsa, wani kiɗa da ya tsara ya sa masa suna "Tagar Gudrun". Da shi na koyi busa, amma ban taɓa kuskuren busa shi a inda za ta ji ba.

To, ranar Lahadin da ta gabaci bikin Sankt Hans, wanda ake yi a ƙarshen watan Yuni ana hura babbar wuta, muna cin sabon dankali da kifi a gidanta, sai ta goge baki ta sanar da mu cewa a watan Agusta za ta koma ƙaramin gida, kuma ba za ta tafi da tarkace ba. Tef ɗin mai ƙahon nan, Lahadi mai zuwa za ta jefa shi cikin wutar bikin da ake hurawa a bakin teku. Ta faɗe shi kamar mai cewa a miƙo mata gishiri.

Na ce ai bai kamata a ƙona abin da mutum ɗaya kawai ya ji ba. Mor ta taso min. Ta ce abin da mutum bai fitar da hannunsa ba, bai so a ji shi ba, kuma babu kyau a shanya wa duniya kayan cikin mamaci don wasu masu gemu su zauna suna gyaɗa kai. Ta ce ita ba uba ta tashi da shi ba, kunya ta tashi da ita, ba kuma za ta bari a buga kunyar a faifai a sayar ba. A ƙarshe ta nuna ni da cokali ta ce idan wutar ta cinye tef ɗin, in zuba ido in ga kwana nawa mai tonon kabarin zai ƙara yi min waya. Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye muku ba.

Ina sauka ƙasa, ko makullin keke ban buɗe ba na tura masa saƙo: "Za su ƙona shi ranar Lahadi."

"Nata ne. Tana da iko."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Solvej, cikin tef goma da nake saurara, tara nake mayarwa kwali. Mamaci ba ya iya cewa a'a, sai wani ya faɗa a madadinsa. Amma ban taɓa yanke wa tef hukunci ban ji shi ba." Can kuma sai ga wani: "Kin ƙoshi dai?"

Ku ji min mutum. Ana maganar wuta yana maganar ciki.

Duk ranar Laraba da hantsi Mormor tana zuwa ninƙaya a bakin tashar jiragen ruwa da ƙawayenta, tsofaffi huɗu da ruwan sanyi ya kasa kashewa. Ina da makullin gidanta. E, na sani, ba sai kun faɗa ba. Na tarar da rikodar a ƙasan kwaba, ƙarƙashin tulin mayafan tebur, tef ɗin a samanta, a gefe kuma wani ƙunshi mai ruwan ƙasa ɗaure da igiya wanda ban ko taɓa ba. Na jona, na zare tef ɗin na ɗora, na ajiye wayata kusa tana ɗauka.

Da ma ban ji ba. Kiɗan ja yake yi, da nauyi, kamar mai tura keken kaya a kan tudu. Gangar ta kasa ɗaga ƙafa, ƙahon yana nishi. Kafin kiɗa na ƙarshe sai ga murya, mai kauri, kalmomin suna manne wa juna, irin ta wanda harshensa ya yi masa nauyi a baki. Ta ce, "Gudrun. Yau kwana ɗari biyu da sha ɗaya ban sa komai a bakina ba sai madara da kofi. Wannan taki ce."

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. A ranar na fahimci kakata. Shan ma da sauƙi. Amma mutum ya bugu, ya kama makirfo ya ƙirga miki kwanakin da bai sha ba? Na mayar da komai yadda na same shi. Ban tura wa Troels ba, kunya ta hana ni, kuma a raina na riga na ce gara wutar.

Washegari bayan yara sun watse na tsaya ni kaɗai a ɗakin kiɗa. Na ce kafin a ƙona shi bari in busa tare da kakana ko sau ɗaya, ko ba komai ƙahonsa ne a wuyana. Na kunna kiɗan ƙarshe a waya, wanda shi ne "Tagar Gudrun". Tun farko na ji ba mu daidaita ba, yana ƙasa da ni, na ce wataƙila sauya shi suka yi ranar. Muka je ƙarshe. Kiɗan nan yana ƙarewa ne a kan sautin da ya fi kowane ƙasa a jikin ƙahon, inda kake toshe duk maɓallan da yatsunka, babu sauran wurin sauka. Na toshe, na busa. Nasa yana can ƙasa da nawa, da tazara mai yawa.

Na sake. Na kuma sakewa. A na ukun na cire ƙahon daga baki na tsaya ina kallon sa. Wannan ƙahon dai shi ne a cikin tef ɗin, kuma ba shi da wancan sautin, ko wa ya busa shi. Giya tana sa mutum kuskure, amma ba ta ƙara wa ƙaho tsawo.

Nan take na tura wa Troels abin da na ɗauka, na rubuta masa: "Saurari sautin ƙarshe." Minti goma bai cika ba ya kira. Ko gaisuwa babu, ya tambaye ni shin rikodar daga nan Ejvind ya tafi da ita? Na ce e. Sai na ji ya saki wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Ya ce injin tsofaffin rikodar nan bugun wutar lantarki yake bi. Wutarmu tana bugawa sau hamsin a daƙiƙa, ta Amurka sau sittin. Masu tafiya a zamanin sukan tuna su murɗa maɓallin ƙarfin wuta don kada injin ya ƙone, amma su manta da wani ɗan zoben ƙarfe da ake sauyawa a ciki. Saboda haka a can rikodar da gudu ta ɗauka, da ta dawo gida sai ta koma tafiyarta ta nan, ta riƙa jan komai: ganga, ƙaho, da muryar mutum. Ya ce da wani makaɗi ya ji tef ɗin a lokacin, da tuni ya gane. Amma ba wanda ya ji sai matar da aka yi wa rantsuwa.

Na kira Mor na yi mata bayani. Ta ce ta ga an koya min karatun da kyau, ta kashe waya. Na kira Mormor, ta ce ita ta san muryar mashayi tun kafin a haifi uwata. Shi ke nan, na ga ba maganar waya ba ce.

Ranar Lahadi da la'asar na sa farar rigata mai ɗigon shuɗi, na ɗaure gashina sama, na sa 'yan kunnen azurfar da Mormor ta ba ni, don idan za a kore ni a kore ni da kyauna. Troels ya iso a keken kaya, injinsa na aiki a naɗe cikin bargo, kuma, masu karatu, ya sayi sabuwar riga. Har da layin ninkin kanti a ƙirji. Ya rungumi injin ya hau bene uku, ni ina biye da ƙaho.

Mor ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a tsakiya da tsumman goge kwano a kafaɗa.

"Ban gayyace shi ba."

"Ni na gayyace shi, Mor. Minti goma nake roƙo. Idan ban yi gaskiya ba, ni da hannuna zan jefa tef ɗin a wuta."

"Idan kin yi gaskiya kuma shi ya samu abin da ya zo nema."

Troels ya gyara riƙon injin, zufa na bin wuyansa, ya ce, "Ko me muka ji yau, kamfaninmu ba zai fitar da shi ba. Na riga na gaya wa maigidana. Idan kun ga dama ku fitar, zan ba ku sunayen wasu, ni ba ruwana da shi."

Ban san ya yi haka ba. Na juya na kalle shi, shi kuwa yana kallon takalminsa. Daga ciki Mormor ta ɗaga murya ta ce a bar yaron ya shigo kafin bayansa ya karye a ƙofarta, mutane su ce ita ce.

Tana zaune a kujerarta ta gefen taga, ta riga ta sa rigar ruwanta ja ta fita, jakar saƙa a kan cinya, tef ɗin a ciki. A tebur ga kwanon sitiroberi da kirim, ga butar kofi. Ta zaro tef ɗin ta miƙa wa Troels ba tare da ta kalle shi ba, ta duba agogon hannunta, ta ce minti goman ya fara.

Ya ɗora tef ɗin ya kai shi ƙarshe. Ya ce in busa sautin nan in riƙe shi. Na toshe maɓallan duka na busa, tagogin falon suka ɗauki rawa. Ya kunna. Sautin kakana ya fito daga ƙasa. Troels ya fara murɗa maɓallin gudu a hankali, sautin yana tasowa, yana tasowa, numfashina yana ƙarewa, idona ya kawo ruwa. Sai kawai suka haɗu. Ka rasa wanne ne nawa wanne ne nasa. Troels ya ɗauke hannu ya mayar da tef ɗin farko.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mutanen nan huɗu da na ji suna jan ƙafa ranar Laraba, ashe gudu suke yi suna dariya. Gangar tana tsalle, mai fiyano yana tsokana, ƙahon yana ba shi amsa tun kafin ya gama tambaya. Babu sauti ɗaya da ya zame. Na saci kallon Mormor. Fuskarta a ɗaure, amma takalminta na dama yana buga ƙasa. Minti goma ya wuce, ba wanda ya duba agogo.

Sai kiɗan ya tsaya, aka ji motsin kujera, murya ta fito. Muryar saurayi ce, wasai, da sauri, da ɗan murmushi a cikinta.

"Gudrun. Yau kwana ɗari biyu da sha ɗaya ban sa komai a bakina ba sai madara da kofi. Wannan taki ce."

Mormor ta ce, "Sake."

Ya sake. Ta ce ya sake. A na ukun ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta ce a hankali, "Muryarsa ke nan. Haka yake magana da safe. Ejvind ke nan."

Mor ta zame ta zauna a hannun kujera, ta sa tsumman kwanon a fuska. Shekararta sittin, ba ta tuna muryar ubanta, sai yau. Ni kuwa kuka nake yi ina dariya, hanci na zuba a kan farar riga, kuma zan faɗa muku gaskiya: daɗi nake ji, irin daɗin da ban taɓa ji ba. Ni na gano. Ni, da ƙahon da aka so kai wa bola.

Bayan "Tagar Gudrun" ta ƙare, Mormor ta mayar da tabarau ta juya ga Troels ta tambaye shi, tunda sana'arsa ce, abin nan ya isa a fitar ko kuwa son zuciyarmu ne? Ya ce kiɗa biyar ne a ciki. Biyun farko gwaji ne, suna ɗumama hannu, Ejvind da kansa ba zai so a ji su ba, a bar su a kwali. Ukun ƙarshe kuwa, shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki bai ɗora irinsu a injinsa ba. Na so in ƙara taka masa ƙafa a kan biyun nan, amma sai na ga Mor tana gyaɗa kai. Ashe "a'a" ɗin ce ta sa ta yarda da "e" ɗin.

Mor ta share ido ta ce to, a fitar da ukun, amma a yanke maganar, domin ta cikin gida ce, tsakanin miji da mata.

"Ba za a yanke ba," in ji Mormor. "Shekara hamsin da biyar garin nan yana cewa giya ce ta kashe Ejvind Skaarup, kuma daga bakina suka fara ji. Duk wanda zai saurari kiɗan nan, sai ya fara jin ƙirgen kwanakinsa."

Daga bakin teku an fara jiyo hayaniyar masu taruwa, rana tana nan sama ba ta da niyyar faɗuwa. Na ce to yanzu ba mu da abin kai wa wuta. Mormor ta sa hannu cikin jakar saƙar ta fito da ƙunshin nan mai ruwan ƙasa da na gani a kwaba. Yanzu ne na lura da kan sarki na gidan wayar Amurka a jikinsa, da sunanta a rubuce da hannun da ya rubuta takardar cikin akwatin ƙahona. Ta ce ta jirgin ruwa ya aiko shi kafin ya rasu, ya iso mako uku bayan ta saurari tef ɗin, ita kuwa ta rantse ba za ta buɗe ba. Shi ma yau ta yi niyyar jefa shi.

Ta gwada kwance igiyar, yatsunta suka ƙi tsayawa. Ta miƙo min, nawa sun fi nata rawa. Mor ta tashi ta shiga kicin, muka ji ta jawo aljihun tebur. Ta dawo da almakashi, ta wuce uwarta, ta wuce ni, ta tsaya a gabansa.

"Troels," ta ce, "kai ne hannunka ba ya rawa. Yanka."